Sababbin Magunguna da Gyaran Fata: Tambayar da Ake Tsallakewa a Shagunan Kwalliya

Sana'ar gyaran jiki na cikin sana'o'in da suka fi bunƙasa a biranen Najeriya a 'yan shekarun nan. Daga Legas zuwa Abuja, daga Kano da Kaduna zuwa Maiduguri, da wuya a ratsa babbar unguwa ba a ga shagon da ake dilka da halawa da lalle ba. Ga kuma gidajen gyaran jiki na zamani da ke ƙaruwa, inda ake saɓar da fata da ruwan asid, a cire gashi da hasken leza, a tsattsaga fuska da ƙananan allurai, ko a yi allurar ciko a kumatu da leɓe. Idan lokacin bukukuwan aure ko Sallah ya ƙarato, sai mace ta kama layi tun da sauran makonni.

A daidai wannan lokaci, magungunan da jama'a ke sha su ma sun sauya. Akwai sababbin magungunan ciwon suga, da alluran rage ƙiba, da magungunan ciwon daji da ake haɗiya a gida, da waɗanda ke danne garkuwar jiki, da mayukan ƙurajen fuska masu ƙarfi waɗanda a da sai likita ya rubuta, yanzu kuwa ana sayar da su a shafukan Instagram da TikTok. Da yawa daga cikinsu na sauya yadda fata ke amsa zafi da gurza da sinadari da rana. Matar da ta yi shekara goma ana yi mata halawa lafiya lau na iya zuwa wata rana a ɗaye mata fata tare da gashin, alhali mai gyaran ba ta sauya komai a aikinta ba. Abin da ya sauya yana cikin jakar abokiyar cinikin, kuma babu wanda ya tambaye ta.

Likitocin fata sun daɗe suna jan hankali cewa tambayar "wane magani kike sha, wane mai kike shafawa?" ita ce matakin farko na kowane gyaran fata. A mafi yawan shagunan ƙasar nan kuwa, tambayar farko ita ce ranar biki.

Yadda magani ke sauya fata

Saman fatar ɗan Adam yana da wani siririn rufi na matattun ƙwayoyin halitta da maiƙo, wanda ke riƙe danshi a ciki, ya kuma tare ƙwayoyin cuta a waje. Kusan duk wani gyaran fata yana aiki ne ta hanyar yi wa wannan rufi ɗan rauni da gangan, da zimmar jiki ya gina sabo mai santsi. Dilka gurza ce, halawa fizga ce, asid ƙuna ce da aka auna, leza zafi ce da aka saita, ƙananan allurai kuwa ɗaruruwan huda ne. Lissafin duka ya dogara ne a kan cewa fatar za ta warke yadda lafiyayyar fata ke warkewa.

Magani na iya rusa wannan lissafi. Wani yana sirantar da rufin ya busar da shi. Wani yana sa fata ta kasa jure rana. Wani yana tsinka jini, ta yadda ƙaramar huda ke zama kwanciyar jini a ƙarƙashin fata. Wani yana raunana garkuwar jiki ko ya zaburar da ita fiye da kima. Akwai kuma wanda ke haifar da ƙuraje ko tabo da kansa, sai mai gyaran jiki ta ɗauka datti ne ko ƙurajen balaga, ta hau matsa da gurza.

Maganin ƙurajen fuska da dokar wata shida

Babu maganin da ya fi shahara a wannan batu kamar ƙwayar aisotiretinoyin, wadda aka fi sani da sunan Roaccutane ko Accutane. Amurka ta amince da ita a 1982 domin ƙurajen fuska masu tsanani, kuma tana aiki ne ta hanyar ƙanƙantar da jakunkunan maiƙon fata. Sakamakon haka leɓe ke tsagewa, fata ta bushe ta yi rauni. Takardar da ke cikin kwalin maganin ta yi gargaɗin a guji cire gashi da danƙo, da gurzar fata mai zurfi, da leza, a lokacin shan sa da kuma kimanin wata shida bayan an daina.

Shekaru da dama likitoci suna bin wannan doka ba tare da ja ba. A 2017 ne mujallar likitocin fata ta JAMA Dermatology ta wallafa bitar da wasu ƙwararru suka yi wa rubuce-rubuce 32 da suka ƙunshi ayyukan fata 1,485. Sun kammala da cewa babu isasshiyar hujjar jinkirta saɓar da fata ta sama-sama, da cire gashi da leza, da wasu nau'o'in leza marasa zurfi. Amma sun bar gargaɗin a kan gurza da inji da kuma lezar da ke ƙone saman fata gaba ɗaya. Ƙungiyar likitocin tiyatar fata ta Amurka ta fitar da matsaya mai kama da wannan a shekarar.

Wannan sassauci ya shafi aikin da likitan fata ke yi ne a asibiti, bayan ya duba majinyaci ya san adadin da yake sha. Bai wanke halawa da danƙo ba, domin fizgar gashi daga busasshiyar fata na iya tafiya da saman fatar, ta bar jan ciwo a gira ko a saman leɓe ko a hamata. Labarin ya kuma nuna cewa ilimin kansa yana sauyawa, kuma mai shagon da ta koyi sana'a shekara goma da suka wuce na iya riƙe da bayanin da aka daɗe da gyarawa. Wani abin da ya fi duk wannan nauyi shi ne maganin yana nakasa ɗan tayi. Amaryar da ta sayo shi a intanet domin fuskarta ta yi sumul kafin biki tana jefa cikin farko cikin haɗari, shi ya sa ƙa'ida ta ce kada a ɗauki ciki a lokacin shan sa da aƙalla wata guda bayan an daina.

'Yan uwan wannan magani na shafawa sun fi shi yaɗuwa. Akwai Retin-A, da Differin wanda Amurka ta halatta sayar da shi ba tare da takardar likita ba a 2016, da retinol da ke cikin mayukan dare iri-iri. Duk suna hanzarta zubar saman fata. Masu shafa su ba sa ɗaukar su a matsayin magani, saboda haka ko an tambaya sai su ce ba sa shan komai. Shawarar da likitocin fata ke bayarwa ita ce a dakatar da irin wannan mai na wasu kwanaki kafin cire gashi ko shafa asid, kuma wanda ya rubuta maganin ne ya kamata ya faɗi adadin kwanakin.

Man bilicin: maganin da ba a kira magani

A Najeriya, babban maganin da ke shiga shagon kwalliya a ɓoye yana cikin robar man shafawa. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa, waɗanda hukumar NAFDAC ke yawan ambata, sun nuna cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da kayan haskaka fata. A watan Fabrairun 2023 shugabar hukumar, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa ga ƙasa.

Da yawa daga cikin waɗannan mayuka, har da haɗe-haɗen da ake tallata su da sunan kayan gargajiya ko na itatuwa, na ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi irin su kulobetasol da betametason. Magunguna ne na gaske da likitoci ke rubutawa na ɗan lokaci domin cututtukan fata. Idan aka yi watanni ko shekaru ana shafa su, fata na sirancewa har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, ciwo ya daina saurin warkewa, ƙwayoyin cuta da makero su sami wurin zama. Irin wannan fata ba ta jure asid ɗin da lafiyayyar fata ke jurewa, kuma dilkar da aka saba yi na iya sa ta ɗaye.

Sinadarin haidurokwinon shi ma yana da nasa tarkon. Dogon amfani da shi na haifar da wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu da goshi da bayan wuya, wanda ke da matuƙar wuyar magani. Mai irin wannan baƙi takan tafi shago neman a goge mata shi, a kuma ƙara mata mai mai ɗauke da sinadarin da ya jawo matsalar tun farko. Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan kwalliya tun 2001, Amurka ta janye shi daga kasuwar da ba ta buƙatar takardar likita a 2020, ƙa'idojin NAFDAC kuma sun haramta sitiroyid da makuri a kayan kwalliya, suka taƙaita haidurokwinon zuwa kashi 2 cikin 100. Duk da haka haɗin da ake durawa a roba maras suna ba ya bi ta gaban kowace hukuma, kuma mai shafa shi ba ta san abin da ke ciki ba balle ta faɗa.

Rana da magungunan yau da kullum

Wasu magungunan da aka saba da su na sa fata ta ƙone a ranar da a da take jurewa. Cikinsu akwai doksisaikilin da ake bayarwa domin ƙurajen fuska da cututtukan sanyi, da dangin siforofuloksasin da ake yawan sha domin taifot, da ƙwayar sa fitsari ta hawan jini irin wadda ke cikin Moduretic, da wasu magungunan ciwon gaɓoɓi. Game da ƙwayar sa fitsarin, hukumomin magunguna na Turai sun ƙara gargaɗi a 2018 bayan binciken da aka yi a Denmak ya danganta dogon shan ta da ƙaruwar wasu nau'o'in ciwon dajin fata, suka kuma shawarci masu sha da su kiyayi rana.

Hasken da ke tayar da irin wannan ƙuna galibi shi ne ɓoyayyen hasken rana da ido ba ya gani, wanda yawancin na'urorin leza ba sa fitarwa. Don haka babban haɗarin yana jiran mace ne a bakin ƙofar shago. Asid ɗin 'ya'yan itace da ake saɓar da fata da shi yana rage kariyar fata daga rana har zuwa mako guda bayan an daina, kamar yadda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta bayyana a jagorar da ta fitar a 2005. Idan aka haɗa saɓaɓɓiyar fata da magani mai jawo ƙuna da ranar watan Maris a Sakkwato ko Yola, sakamakon ba ya buƙatar dogon lissafi. Lemun tsami da ake zubawa a wasu haɗe-haɗen gyaran jiki shi ma yana ɗauke da sinadarin da ke ƙona fata idan rana ta doke ta, ya bar baƙin tabo na watanni.

Akwai kuma baƙin da magani ke yi da kansa. Likitoci a Najeriya sun san wani zagayayyen tabo da ke fitowa a leɓe ko hannu ko al'aura bayan shan Septrin ko Fansidar ko wasu magungunan ciwon jiki. Yakan lafa ya bar baƙi, sa'annan ya sake tashi a daidai wurin duk lokacin da aka sake shan maganin. Gurza da bilicin ba sa raba mutum da shi, abin da ke raba su shi ne gano maganin a daina shan sa bisa shawarar likita. Haka maganin kulofazimin, da ake bayarwa domin kuturta da tarin fuka mai bijire wa magani, yakan rina fata ta yi duhu mai ja-ja, kuma launin na washewa a hankali bayan an kammala. Majinyacin da kunya ta sa ya nufi shagon kwalliya maimakon asibiti na iya ƙarewa da ƙunar asid, ko ya yanke shan maganin da rayuwarsa ta rataya a kai.

Sababbin magunguna da sababbin alamu

Inda giɓin ilimi ya fi faɗi shi ne a magungunan da suka fito cikin kimanin shekaru ashirin da suka gabata, domin alamun da suke haifarwa ba sa cikin abin da masu gyaran jiki suka koya.

Wani rukunin magungunan ciwon daji, irin su Tarceva da Iressa da Erbitux, na toshe wani saƙo da ƙwayoyin daji ke buƙata domin hayayyafa. Fata ma na buƙatar wannan saƙon. Shi ya sa fiye da rabin masu karɓar su ke fesowa da ƙuraje a fuska da ƙirji da baya, yawanci cikin makonnin farko. A ido kamar ƙurajen balaga suke, amma matsa su da turara su da shafa musu asid ko retinol na ƙara musu zafi ne, ya buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta a jikin da ya riga ya raunana. Wani rukunin kuma, irin su Keytruda da Opdivo da aka fara amincewa da su a 2014, na sakin garkuwar jiki ta yaƙi ciwon dajin. Garkuwar da aka saki takan juya kan fata ta haifar da ƙaiƙayi da ƙuraje da zubewar launi, kuma an wallafa rahotannin majinyatan da tsohuwar allurar ciko ta kumbura musu bayan sun fara karɓar maganin.

Cewa garkuwar jiki na iya tayar da tsohon ciko ya fito fili a watan Disambar 2020, lokacin da hukumar magunguna ta Amurka ke nazarin rigakafin korona na kamfanin Moderna. Mutum uku daga cikin waɗanda aka gwada a kansu, masu allurar ciko, sun sami kumburin fuska ko leɓe, kumburin kuma ya saɓe. Ƙungiyoyin likitocin fata sun ce wannan bai kai dalilin ƙin rigakafi ba, sai dai ya nuna cewa abin da aka dura a fuska yana nan yana jiran duk wani abin da zai motsa garkuwar jiki.

A ɗaya ɓangaren akwai magungunan da ke danne garkuwar, waɗanda ake bayarwa domin sanyin gaɓoɓi mai cin ƙashi, da ƙaiƙayin fata mai tsanani, da zubewar gashi. A gwajin Rinvoq kan masu ƙaiƙayin fata, kimanin mutum ɗaya cikin goma ko fiye ya fito da ƙurajen fuska. Wannan rukuni na kuma ƙara yiwuwar tashin ƙwayar cutar ƙarambau da ke kwance a jiki, da ƙurajen zazzaɓi na bakin leɓe. Leza da asid da ƙananan allurai su ma sanannun masu tayar da ƙurajen leɓe ne, don haka haɗuwarsu da irin wannan magani na buƙatar likita ya ba da maganin kariya tukuna. Allurar Dupixent, da aka amince da ita a 2017, ita ma an ba da rahoton tana sa fuskar wasu ta yi ja, abin da ake iya ɗauka rashin jituwa da sabulu ne.

Masu ciwon suga na da nasu kason. An danganta rukunin da ya haɗa da Januvia da Galvus da Trajenta da wata cutar da ke fara da ƙaiƙayi ta ƙare da manyan bororo a jiki. Ba ta da yawa, amma ta isa a sa gargaɗi a takardun magungunan. Ciwon sugan kansa, idan bai daidaita ba, yana jinkirta warkewar ciwo, shi ya sa kankare ƙafa da reza a shago ke da haɗari ga mai shi.

Alluran rage ƙiba su ne suka fi jan hankali a yanzu. An amince da Ozempic domin ciwon suga a 2017, Wegovy domin ƙiba a 2021, Mounjaro kuma a 2022. Saurin ramar da suke jawowa na zaftare kitsen fuska, kumatu su faɗa, fata ta saki, kuma a gwajin Wegovy kashi 3 cikin 100 na manya sun sami zubewar gashi, idan aka kwatanta da kashi 1 na waɗanda ba su karɓi maganin ba. Wannan ya buɗe sabuwar kasuwa ga masu allurar ciko. Matsalar ita ce fuskar da aka cike alhali ramar ba ta tsaya ba za ta ci gaba da sauyawa a ƙarƙashin cikon, kuma mai cin abinci kaɗan ba ta samun isasshen abin gina jiki da fata ke buƙata domin warkewa. Ƙari a kan haka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a watan Yunin 2024 kan jabun Ozempic da aka gano a Birazil da Birtaniya da Amurka. Wadda ta sayi allurarta a hannun 'yar talla ba ta da tabbacin abin da ke yawo a jininta.

Magungunan tsinka jini sun cike jerin. Bayan asfirin da wafarin da aka daɗe da sani, yanzu akwai irin su Xarelto da Eliquis. Masu shan su na iya zubar da jini ko su sami kwanciyar jini bayan ƙananan allurai ko allurar ciko ko matsar fuska mai ƙarfi. Likitoci na nanata cewa kada wanda aka ɗora a kan irin wannan magani saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ya dakatar da shi domin kwalliya, ko da na kwana ɗaya ne, sai da izinin wanda ya rubuta.

Baƙin lalle da man kashe zafi

Jan lalle na ganye ba ya cika damun fata, ko da yake yana da haɗari ga jariran da aka haifa da ƙarancin sinadarin jini na G6PD, larurar da ta yawaita a Afirka ta Yamma, domin yana iya farfasa musu jini. Baƙin lalle kuwa galibi rinin gashi ne mai ɗauke da sinadarin PPD. Wanda jikinsa ya taɓa ƙin wannan sinadari, har zanen ya kumbura ya yi bororo, yakan zauna da wannan ƙiyayya har ƙarshen rayuwa, kuma tana iya tsallakawa zuwa abubuwan da ginin sinadarinsu ya yi kama da nasa, kamar man kashe zafi na benzokayin da wasu magungunan dangin salfa. Tarihin kumburin lalle, saboda haka, bayani ne da ya kamata likita da mai gyaran jiki duka su ji.

Shi kansa man kashe zafi da ake shafawa kafin leza ko ƙananan allurai magani ne. A 2007 hukumar magunguna ta Amurka ta ba da sanarwar mutuwar wasu mata biyu, 'yan shekara 22 da 25, waɗanda suka shafe ƙafafunsu da irin wannan mai suka naɗe da leda kafin cire gashi da leza. Maganin ya ratsa fata ya shiga jini, suka kama farfaɗiya suka suma. A watan Maris na 2024 hukumar ta sake gargaɗin a guji man da lidokayin ɗinsa ya haura kashi 4 cikin 100 ba tare da kulawar likita ba, a watan Yuli kuma ta gargaɗi jama'a kan sayen ruwan asid mai ƙarfi suna saɓar da fata da kansu. Fatar da bilicin ya sirantar ta fi kowace tsotse irin wannan mai.

Abin da baƙar fata ke biya

Yawancin gwaje-gwajen da aka gina waɗannan ƙa'idoji a kansu an yi su ne a kan farar fata, inda alamar farko ta matsala ita ce ja. A baƙar fata jan ba ya fita sosai, don haka mai aiki na iya ci gaba bayan fata ta riga ta ƙone. Ƙwayoyin launin baƙar fata kuma na amsa kowane rauni da zubo ƙarin launi. Ƙunar da za ta wuce cikin mako guda a jikin Baturiya na iya barin baƙin tabo na watanni ko shekaru a fuskar 'yar Najeriya, ga kuma yiwuwar tabo mai tasowa, wanda ya fi yawa a tsakanin baƙar fata. Daga nan sai a koma neman man goge tabon, wanda sau da yawa sitiroyid ne, fatar ta ƙara sirancewa. Wannan shi ne abin da Hausawa ke kira garin neman gira a rasa ido.

Wa ke da alhakin tambaya?

Tsarin da ake da shi ya raba aikin gida-gida. NAFDAC na kula da rajistar magunguna da kayan kwalliya. Majalisar Harhaɗa Magunguna ta Najeriya, ƙarƙashin dokarta ta 2022, na kula da kantunan magani da masu kemis. Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori na kula da likitoci, hukumomin jihohi kamar HEFAMAA a Legas da PHIMA a Kano kuma na sa ido kan cibiyoyin lafiya masu zaman kansu. Shagon da ke kiran kansa wurin kwalliya, amma yana huda fata yana shafa asid, yakan faɗa tsakanin waɗannan hukumomi. Likita ya rubuta magani bai tambayi ko za a je gyaran jiki ba, mai kemis ya miƙa ba bayani, mai shago ta yi aikinta ba ta tambayi magani ba.

Wasu ƙasashe sun fara toshe wannan giɓi. Ingila ta haramta allurar ciko da ta Botox domin kwalliya ga 'yan ƙasa da shekara 18 daga watan Oktoban 2021, dokar lafiya ta 2022 kuma ta ba gwamnati ikon kafa tsarin lasisi ga masu irin waɗannan ayyuka. Najeriya na iya farawa da abin da bai kai haka tsada ba, wato wajabta takardar tambayoyi da za a cike kafin duk wani aiki da ke huda fata ko ƙona ta, a sake cike ta a kowace ziyara, a kuma samar da ita cikin Hausa da sauran harsunan ƙasa. Ƙungiyar Likitocin Fata ta Najeriya na da ilimin da za a gina gajeren horo a kansa ga ƙungiyoyin masu gyaran jiki, musamman kan alamun da ke nuna a ajiye kayan aiki a tura mutum asibiti.

Hanyar kai rahoto ma tana nan. Najeriya ta shiga shirin sa ido kan illolin magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2004, NAFDAC kuma ta ƙaddamar da manhajar Med Safety a 2020, wadda kowa ke iya amfani da ita. Masu gyaran jiki na ganin fatar mutane kusa-kusa fiye da yawancin likitoci, kuma da za a koya musu kai rahoto, da ƙasar ta tara bayanan da duniya ke ƙarancinsu kan yadda sababbin magunguna ke bayyana a baƙar fata.

Kafin hukumomi su motsa, nauyin yana kan mutum biyun da ke cikin ɗakin gyaran. Abin da ya dace ga abokiyar ciniki shi ne ta zo da kwalayen magungunanta ko hotonsu a waya, har da mayukan shafawa da na gargajiya da alluran da take yi a gida. Kunya na hana wasu ambaton maganin ƙanjamau ko tarin fuka ko ciwon daji a gaban mutane, don haka wajibi ne mai shago ta yi tambayar a keɓe, ta kuma riƙe amanar abin da ta ji. Gwada abu a ɗan ƙaramin wuri a jira kwana biyu na rage haɗari, haka ma fara gyaran amarya da sauran makonni maimakon daren kamu. Idan aka fara sabon magani, hikima ita ce a bari jiki ya nuna yadda ya karɓe shi kafin a taɓa fata. Ƙurajen da suka zo da zazzaɓi, ko ciwon baki da ido, ko saɓar fata, ko kumburin fuska da sarƙewar numfashi, na buƙatar asibiti nan take.

Duk inda magani da kwalliya suka yi karo, masana sun haɗu a kan cewa kwalliyar ce ke jira. Mai shagon da ta mayar da abokiyar ciniki gida da shawarar ta fara ganin likita ta yi asarar kuɗin rana ɗaya, ita kuwa abokiyar cinikin za ta dawo bayan an kammala maganin da fatar da za a iya yi wa aiki.